Daga Jijiya Zuwa Takardar Sakamako: Jagorar Aiki da Na'urorin Gwajin Jini

Duk shekara ɗalibai na fitowa daga makarantun koyon aikin gwaje-gwaje na Jos da Vom, su bazu cikin asibitocin gari. Wasu su nufi Lamingo, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wasu asibitin ƙwararru na jiha, wasu Jankwano, da yawa kuma su ƙare a ƙananan ɗakunan gwaji masu zaman kansu da ke Taminus da Bauchi Road da Bukuru. Domin su na rubuta wannan jagora, da kuma duk mai son sanin abin da ke faruwa da jininsa bayan an zare allura.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, na'ura ba ta cewa ba ta sani ba. Ka ba ta jinin da ya daskare, ko wanda ya kwana a kan tebur, ko na wani mutum daban, za ta fitar maka da lamba tsaf a kan takarda, likita kuma ya rubuta magani a kan wannan lamba. Saboda haka a kowane mataki zan nuna maka yadda ake sarrafa na'urar, da kuma inda take ruɗar mutum.

Kafin majinyaci na farko ya shigo

Ka fara da firji. Sinadaran gwaji suna zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, jinin ƙari kuma tsakanin 2 zuwa 6, a firjinsa na daban. Duba ma'aunin zafin da ke ciki, ka rubuta a takardar da ke liƙe a ƙofar, safe da yamma. In an ɗauke wuta da dare aka wayi gari ma'auni ya haura, kada ka rufe ƙofa ka yi shiru. Ka sanar, domin duk abin da ke cikin firjin ya zama abin tuhuma sai kwantirol, wato samfurin da aka riga aka san sakamakonsa, ya wanke shi.

Sai wuta. Na'urar ƙirga ƙwayoyin jini da ta auna sinadarai ba a jona su kai tsaye da bango. Sai ta bayan sitabilaiza da batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke. Na'urar da ta mutu tana tsaka da zuƙar jini takan bar shi ya bushe cikin siraran bututunta, kuma daga nan toshewa ke farawa.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturun Jos ba ya raga wa kowa. Goge tebur da ruwan bilic, ka buɗe rigunan na'urori sai lokacin aiki, ka rufe taga ta ɓangaren da madubin likita yake.

Ɗibar jini, inda mafi yawan kuskure ke shiga

Kada ka kira suna ka jira a amsa. A unguwannin Gangare da Anguwar Rogo, in ka ce "Hauwa Muhammad" mata uku za su iya miƙewa. Ka tambaya ne: "Mama, mene ne cikakken sunanki? Shekarunki nawa?" Ta faɗa da bakinta, kai kuma kana duba takarda. In gwajin sukari ne na kafin karyawa, kada ka tsaya kan "kin ci abinci?" Da yawa za su ce a'a alhali sun sha shayi ko kunu, don a wurinsu wannan ba ci ba ne. Ka ce: "Tun jiya da dare, ban da ruwa, me ya shiga bakinki?" Ana buƙatar awa 8 aƙalla.

Da sanyin safiya jijiyoyi kan ɓuya. Maimakon ka yi ta marin hannun mutum, ka bar shi ya ɗumama hannun, ya sauke shi ƙasa ɗan lokaci. Robar ɗaure dantse kada ta wuce minti ɗaya, don in ta daɗe jini yana kauri a wurin, sakamako ya canza. Goge da sifirit ka bar shi ya bushe da kansa. Kada ka ɗibi jini a hannun da ake ƙarin ruwa, domin abin da za ka auna ruwan leda ne gauraye da jini.

Kowace kwalba da abin da ke cikinta. A kwalaben da ke zuƙar jini da kansu, mai murfi shunayya tana ɗauke da EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, ita ce ta ƙirgar ƙwayoyi da PCV, wato awon yawan jini, da jinotaif. Mai shuɗi-shuɗi ta gwajin daskarewar jini ce, kuma dole ta cika daidai layi, kashi tara jini kashi ɗaya sinadari. Mai ja ba komai a ciki, jini ya daskare a ɗebi ruwansa. Mai kore hefarin ce, mai toka-toka kuma fuloraid, ta sukari. Amma a kasuwarmu akwai ƙananan kwalabe da launin murfinsu bai bi wannan tsari ba, don haka ka karanta abin da aka rubuta a jiki.

Jerin cikawa shi ma da dalili: kwalbar shuka ƙwayoyin cuta farko, sai shuɗiya, sai ja, sai koriya, sai ta EDTA, sai ta sukari. EDTA ɗin nan yana ɗauke da fotasiyam, yana kuma kama kalsiyam. In ɗigo ɗaya ya tsallaka zuwa kwalbar sinadarai, za ka ga fotasiyam ya yi sama, kalsiyam ya faɗi ƙasa warwas, a jikin mutumin da ya shigo da ƙafarsa yana raha. In da sirinji ka ɗiba, cire allurar kafin ka zuba, ka bar jinin ya gangara ta gefen kwalba a hankali. Tura shi da ƙarfi ta cikin allura yana fasa jajayen ƙwayoyi. Juya kwalbar sama da ƙasa sau takwas zuwa goma, ba a girgizawa. Rubuta suna da lamba da lokaci a gaban majinyacin, kafin ya tashi.

Allura ba a mayar mata da murfi, akwatin allurai take shiga nan take. Ka tabbata ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allurai uku. In allura ta soke ka, wanke da ruwa da sabulu, ka kai rahoto a take, domin maganin kariya daga HIV ana fara shi ne cikin awa 72, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa. Filato na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa kan ɓulla, musamman da rani. In likita ya rubuta yana zarginsa, wannan jinin ba na teburinka ba ne: kada ka buɗe, kada ka juya, ka kira na gaba da kai.

Na'urar juya jini da gwajin PCV

Santirifuj ita ce na'urar da ta fi kowace aiki, ita ce kuma aka fi wulaƙantawa. Ƙa'idarta ɗaya: kowace kwalba sai da kishiyarta a ramin da ke fuskantarta, mai nauyi ɗaya. In jini ɗaya ne, cika wata kwalbar da ruwa daidai tsayinsa. Kwalba ja sai ta yi kamar minti 30 jini ya daskare sosai kafin a juya, yawanci zagaye 3,000 a minti, na tsawon minti 10. In ka ji tana rawa tana tafiya a kan tebur, kashe ta. Kada ka tsayar da ita da hannu, kada ka buɗe sai ta tsaya cik.

Ƙaramar 'yar uwarta ita ce ta PCV, gwajin da mutanenmu ke kira awon yawan jini. Siraran bututun gilashinta iri biyu ne: mai jan zobe yana da hefarin, na jinin yatsa ne; mai shuɗin zobe ba komai ciki, na jinin da ya riga ya shiga EDTA. Gauraya jinin da kyau, ka cika kashi uku cikin huɗu na bututun, ka toshe gefe ɗaya da yumɓun toshewa. Ka kwantar da shi a ramin farantin, toshesshen gefen yana kallon waje yana taɓa robar gefe. Rubuta lambar rami da sunan mai jinin kafin ka rufe. Ɗaura murfin ciki, wanda sababbi suke mantawa sai su buɗe su tarar da garin gilashi. Juya minti 5 a gudun da ya kai zagaye 10,000 zuwa 12,000.

Da ta tsaya ka ɗauko, kada ka bar shi ya daɗe a kwance. Za ka ga hawa uku: ja a ƙasa, siririn layi fari-fari a tsakiya wanda fararen ƙwayoyi ne, sai ruwan filasma a sama. A kan allon karantawa, ka sa gindin jan, saman yumɓu, a kan layin sifiri, ka matsa har saman filasma ya hau layin 100, sannan ka karanta inda jan ya ƙare, ban da farin layin. Namiji baligi yakan faɗa tsakanin 40 da 54, mace tsakanin 36 da 46. Jos na kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, don haka mazauninta kan ɗan fi na ƙasa-ƙasa kaɗan.

Kafin ka jefar da bututun, ka kalli filasmar. In ta yi rawaya sosai, akwai alamar shawara. In ta yi ruwan hoda, ƙwayoyi sun fashe. In ta yi fari ta yi duhu, maiƙo ya yi yawa. In farin layin ya yi kauri fiye da yadda ka saba gani, wannan jinin sai ya hau madubi. Ka kuma lura da kwalbar da aka ɗiga wa jini kaɗan: EDTA yana yi masa yawa, ƙwayoyin su ƙanƙance, PCV ya fito ƙasa da gaskiya.

Na'urar ƙirga ƙwayoyin jini

Wannan ce abin alfaharin kowane ɗakin gwaji, ko Sysmex ce ta Japan, ko Mindray ta Sin, ko wata. Dabarar da ƙananansu ke aiki da ita ta wani Ba'amurke ce, Wallace Coulter, wanda ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1953. Ana tsarma jini cikin ruwan gishiri, a zuƙe shi ta wata 'yar ƙofa da wutar lantarki ke ratsawa. Duk ƙwayar da ta wuce sai ta ɗan tare wutar, na'ura ta ƙirga ɗaya, girman tarewar kuma ya nuna girman ƙwayar, kamar makiyayin da ya tsaya bakin ƙofar garke yana ƙirga dabbobi ɗaya bayan ɗaya, yana ware manya da ƙanana. A wani ɓangaren ana fasa jajayen ƙwayoyi da sinadari don a ƙirga fararen, a kuma auna himogulobin, sinadarin da ke ba jini launin ja, da haske. Masu arha suna raba fararen ƙwayoyi gida uku, manya kuma, masu hasken leza, gida biyar.

In ka fahimci wannan, ka riga ka san rauninta. Girma take gani, ba ta ganin fuska. Ƙura, kumfa, da dattin sinadari duk ƙwayoyi ne a wurinta.

Saboda haka da ka kunna, duba ruwan tsarmawa da na fasawa da na wanki, da ranar ƙarewarsu, ka zubar da jarkar datti. Bar ta ta yi awon wofi, wato ta ƙirga ruwa zalla ba jini. Lambobin su tsaya dab da sifiri, cikin iyakar da littafin na'urar ya gindaya. In filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ya ƙi sauka, wanke ka sake. Bayan nan sai kwantirol, jinin kamfani da aka riga aka san lambobinsa, mai hawa uku: ƙasa, daidai, sama. Fito da shi daga firji ya yi kamar minti 15 ya saki sanyi, murza shi tsakanin tafukanka, ka auna, ka ɗiga sakamakon a jadawalin Levey-Jennings. In ya fita daga iyaka, ko ka ga kwanaki a jere yana karkata gefe ɗaya, jinin majinyaci ba ya hawa sai an gano dalili.

Na san kwantirol da tsada, kuma ba ya daɗewa bayan an buɗe. Na san akwai wuraren da ake cewa a bari sai wata. Ra'ayina a nan ba ya lanƙwasa: mai ɗakin gwajin da ba zai iya sayen kwantirol ba bai shirya sayen na'urar ba tukuna, gara ya tsaya kan PCV da madubi, ya aika sauran inda ake yi.

Kafin ka miƙa wa na'ura kowane jini, ɗaga kwalbar ga haske ka juya. Ɗan gudan jini ko ɗaya ya isa a ƙi karɓa, don ya riga ya cinye filatilet, zai kuma toshe ƙofar ƙirga. A sake ɗiba, ko da majinyaci zai yi ƙorafi.

In takarda ta fito, kada ka miƙa ta haka. Ninka himogulobin sau uku, ya kamata ya zo kusa da PCV, da bambancin da bai wuce uku ba. Duba MCHC, wato yawan himogulobin cikin jajayen ƙwayoyi, wanda yakan zauna tsakanin 32 da 36. In ya haura 37, da wuya jikin mutum ne, jinin ne ke da matsala. A sanyin Disamba da Janairu jajayen ƙwayoyin wasu mutane kan manne da juna, na'ura ta ƙirga dunƙule a matsayin ƙwaya ɗaya babba. Ɗumama kwalbar a digiri 37 na kamar minti 15, ka sake aunawa nan take. Filatilet kuma, da yakan kasance 150 zuwa 400, in ya fito ƙasa sosai a mutumin da ba ya zubar jini, shimfiɗa a gilashi ka duba ƙarshen shimfiɗar. EDTA yana sa na wasu dunƙulewa, sai a sake ɗiba a kwalba shuɗiya.

Ga wanda ya fi shafar mu. Masu sikila sukan fitar da jajayen ƙwayoyin da ba su gama nuna ba, masu cibiya. Na'ura mai gida uku tana lissafa su cikin fararen ƙwayoyi, sai adadin ya kumbura, a ɗauka cuta ce mai tsanani. Madubi ne kaɗai zai raba gardama. A ɗaya gefen, baƙar fata da yawa suna da nutirofil, wani nau'in fararen ƙwayoyi, ƙasa da iyakar da aka ɗauko daga Turawa, kuma lafiyarsu ƙalau. Iyakokin da suka zo cikin na'ura daga kamfani ba lallai su zama namu ba.

Madubin likita

Har gobe ban ga na'urar da ta kai madubi daraja a ƙaramin ɗakin gwaji ba, kuma a kansa ake gane wanda ya iya aiki. Don maleriya shimfiɗa biyu ake yi a gilashi mai tsabta marar maiƙo. Mai kauri, ɗigon jini ne a baza shi da'ira, kaurinsa daidai yadda za ka iya hango rubutun jarida ta cikinsa da kyar kafin ya bushe. Siririya kuma ana jan ta da gefen wani gilashin, ta ƙare da wutsiya. Siririyar kaɗai ake tsoma wa metanol. In metanol ko tururinsa ya taɓa mai kaurin, jajayen ƙwayoyi ba za su fashe ba, ba za ka ga komai ba. A bar su su bushe a kwance, nesa da ƙuda da ƙura, ba a ɗora su kan wuta.

Rinin Giemsa ana haɗa shi sabo: kashi 10 cikin ɗari na minti 10 in ana sauri, ko kashi 3 na minti 45 zuwa 60 in gilasan suna da yawa. Ruwan haɗin ya kasance mai pH 7.2. Ruwan famfo ko na leda shi ke sa wani gilashin ya fito jajawur, wani shuɗi fau, ƙwayar cutar ta ɓace a ciki.

Fara da ƙaramin ido ka samo wuri mai kyau, ɗiga mai, ka juya zuwa ido mai lamba 100. Abin da kake nema abu biyu ne tare: jan ɗigo da shuɗin jiki, yawanci zobe siriri, domin nau'in maleriyar da ake kira falsifaram ce ta mamaye ƙasar nan. Jan ɗigo shi kaɗai zai iya zama dattin rini ko filatilet. Ba a cewa babu sai an duba fili 100 aƙalla. In akwai, ka ƙirga ƙwayoyin cutar kana ƙirga fararen ƙwayoyi har 200, ka ninka adadin cutar da 8,000 ka raba da 200, ka sami yawansu a maikirolita ɗaya. Wannan ya fi alamar tarawa ɗaya ko biyu amfani ga likita, don da shi zai gane ko magani na ci.

Akwai matsin da za ka fuskanta. Mutum ya zo da zazzaɓi, ya biya kuɗi, ka ce ba ka ga maleriya ba, sai ya ce: "Malam, ka dai duba da kyau, ni na san jikina." Daga nan wasu ke rubuta tarawa ɗaya don a rabu lafiya. Kada ka fara. Wanda ka liƙa wa maleriyar da ba shi da ita, ka rufe ƙofar neman abin da ke damunsa na gaskiya. Ka ce masa: "Baba, zazzaɓinka gaskiya ne, amma ba daga nan yake ba. Koma wurin likita ya bincika sauran." Gwajin gaggawa na tsinke shi ma da nasa: a karanta shi cikin lokacin da kamfani ya rubuta, yawanci minti 15 zuwa 20, kuma yana iya ci gaba da nuna akwai har makonni bayan an warke.

Da ka gama, goge man da takardar goge ido ta musamman. Kada mai ya taɓa ido mai lamba 40. Da damina danshi kan haifar da fumfuna cikin gilasan madubi, don haka a ajiye shi a busasshen akwati.

Tankin jinotaif

Kusan ɗan Nijeriya ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, kuma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ana ɗaura aure ana fasa aure a kan takardar da ke fita daga wannan ɗan tanki, shi ya sa nake tsananta masa.

Wanke jajayen ƙwayoyi da ruwan gishiri sau uku, ka fasa su da tataccen ruwa. Jiƙa takardar selulos cikin ruwan tanki mai pH 8.4 zuwa 8.6, ka tsane ta kaɗan, ka ɗora samfuran a jere a gefen da ke da alamar ragewa. A kowace takarda, ba a kowace rana ba, sai ka ɗora sanannen jini mai A da S da C. Rufe, ka kunna gwargwadon ƙarfin wuta da mintocin da na'urarka ta tanada. Himogulobin A ya fi gudu, F na bin sa, sai S, C kuma a baya. In layukan kwantirol ba su rabu sarai ba, ruwan tankin ya gaji ko samfur ya yi yawa, a sake.

Tambayoyi biyu kafin ka rubuta. An yi wa mutumin ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce? In haka ne, mai SS zai iya fitowa AS, saboda jinin wani ne ke yawo a jikinsa. Jariri ne ƙasa da wata shida? Himogulobin F ya yi masa yawa, wannan tanki ba zai ba da tabbas ba. Ka kuma sani D da G suna tsayawa daidai inda S ke tsayawa, don haka duk layin S a tabbatar da shi da gwajin lanƙwashewar ƙwaya ko na narkewa. In sakamakon wurare biyu ya saɓa, musamman ga masu shirin aure, a tura su inda ke da na'urar HPLC, ita ke faɗin kason kowane nau'i.

Na'urar auna sinadarai

Sukari, aikin ƙoda, aikin hanta, maiƙo: duk dabara ɗaya ce. A haɗa ruwan jini da sinadari, launi ya fito, na'ura ta haska ta auna yawan hasken da launin ya shanye. A mai aikin hannu, kai ne kake awo da fifet, don haka ingancin sakamako yana hannunka. Danna fifet zuwa tsayawar farko ka zuƙa, zuwa ta biyu ka fitar, sabon baki ga kowane jini. Lokaci-lokaci ka gwada shi a sikeli: maikirolita 1,000 na tataccen ruwa ya ba ka giram ɗaya.

Kunna na'urar ta kai digiri 37 kafin a fara, sinadaran firji kuma su saki sanyi. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gwajin hanta irin ALT yana tafiya ne da zafi, sinadari mai sanyi zai ba ka lamba ƙasa. Jerin aiki: wofi, ma'auni, kwantirol, sannan majinyaci.

Jinin sukari in ba a kwalbar fuloraid yake ba, yana raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa, don ƙwayoyin na ci. Jinin da aka ɗauko a keke daga Bukuru cikin kwalba ja ba zai faɗi gaskiyar sukari ba. Na mai azumi da ya kai 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL, shi ne iyakar ciwon sukari, kuma akan maimaita kafin a yanke. Ka rubuta ma'aunin da ka yi amfani da shi. Tsakanin biyun ninki 18 ne. Don fotasiyam, raba ruwan jini da ƙwayoyi da wuri, kada ka sa jinin da ba a raba ba a firji, kada ka karɓi mai ruwan hoda. Jinin jariri mai shawara kuma a kare shi daga haske.

Rukunin jini ba ya buƙatar babbar na'ura: anti-A shuɗi, anti-B rawaya, anti-D fari. Faranti ya isa a fara, amma in ƙarin jini za a yi sai an bi ta bututu, an gwada gaba da baya, wato ƙwayoyin da kuma ruwan jinin, an haɗa jinin mai bayarwa da na mai karɓa a digiri 37. Kowace leda sai an tantance ta daga HIV, ciwon hanta B da C, da tunjere.

Kafin takarda ta fita

Daidaita suna da lambar kwalba da na takarda. In mutumin yana da sakamakon baya, kwatanta: PCV da ya tashi daga 22 zuwa 40 cikin kwana biyu ba tare da ƙarin jini ba, kwalabe ne suka musanya. Dokar 2003 da ta kafa majalisar kula da aikin gwaje-gwaje ta ƙasa, MLSCN, ta ɗora aikin a wuyan mai lasisi, don haka in kana ɗalibi, na gaba da kai ne zai duba ya sa hannu.

Wasu lambobi ba sa jiran a zo karɓa. Sukari da ya faɗi ƙasa da 2.5 mmol/L, fotasiyam da ya haura 6.5, PCV na yaro da ya sauka ƙasa da 15, maleriya da ta cika fili: maimaita in lokaci ya bari, sannan ka ɗaga waya ko ka taka da ƙafarka zuwa ɗakin kwanciya. Faɗi sunan majinyaci da lambarsa da sakamakon, ka sa wanda ya karɓa ya maimaita maka, ka rubuta sunansa da lokacin a rajista. In majinyacin daga waje ya zo kuma yana zaune a benci, kada ka bar shi ya tafi gida da takardar a aljihu. Ka nemo ɗan rakiyarsa, ka ce masa: "Yaya, yanzu-yanzu za ku wuce sashen gaggawa, ba sai gobe ba."